Hannun da Ya Ƙi Sakin Kula

Shekara guda ke nan da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu lokacin da abin nan ya faru. Muna zaune a Magama ta Jibiya, kusa da shingen bakin iyaka, kusancin da in tirela ta taka burki a can sai kwanukan da ke kan kantata su amsa. Maigidana tela ne. Ya gina ɗakuna biyu a bayan gida yana ba ma'aikatan bakin iyaka haya, ɗaya ba kowa a lokacin, ɗayan kuwa wani ma'aikaci ne da matarsa suke zaune a ciki, Kiristoci daga kudancin Kaduna. Shi aikinsa duba takardun motoci a shinge. Ita kowa Madam yake ce mata, ni ma haka, ko da yake ba ta girme ni ba. Ita kuma tana ce mini Hajiya, alhali ko Katsina ban cika zuwa ba, balle Makka. Rijiya ɗaya muke ja, igiya ɗaya muke shanya. Ba su haihu ba tukuna.

A makon nan an yi ta jin labarin rikici a wani babban gari can kudu da mu. Abin da rediyo ya faɗa kaɗan ne, abin da direbobi suke sauke mana a tasha ya fi shi muni sau goma. Ma'aikata Kiristoci da yawa suka tura matansu da 'ya'yansu gida. Madam ta ƙi tafiya. Ta ce, "In na tafi wa zai dafa masa? Mutumin da ko ruwan zafi bai iya ɗorawa ba." Sai dai ta soma yafa mayafi in za ta fita, abin da ba ta saba ba.

Ran Laraba da hantsi ta dafa faten acca, ta zubo mini a ɗan kwano, ta zuba nasa a kula mai mariƙi, ta fita kai masa kamar kullum. Ina tsugune ina wanki na ji odar mota, doguwa, ba ta yankewa. Sai wata ƙara kamar an kifar da tulin kwanon rufi daga sama. Sai ihu da salati, da gudun mutane.

Ban yi tunanin haɗari ba ko kaɗan. Abin da ya zo raina shi ne rikicin ya iso mu. Na tashi da kumfa a hannu na danna wa ƙofar zaure sakata, na tura yarana biyu ƙarƙashin gado, na tsaya tsakar gida ina kasa kunne. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba kafin aka ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, sau biyu.

"Wane ne?"

"Hajiya, ni ce."

Na buɗe. Madam ce, babu mayafi, takalmi ɗaya a ƙafa, kular tana hannunta na dama. Ta dube ni da idanu busassu ta ce, da muryar da take tambayata gishiri, "Hajiya, bai ci ba."

Ta wuce ni ta shiga ɗakinsu ta zauna a bakin gado.

Maigidana ne ya shigo a bayanta yana haki ya gaya mini. Wata tirela ce ɗauke da siminti burkinta ya tsinke, ta zo ta bi ta kan ƙarfen shinge. Mijin Madam yana tsaye a jikin ƙarfen da takarda a hannu. Ita kuwa tana tsallaken titi, tana jira motar ta wuce ta miƙa masa abinci. Komai a idonta aka yi.

Abokan aikinsa suka ɗauki gawar zuwa asibiti a Katsina, maigidana ya bi su, tunda shi ne mai gidan da mamacin yake zaune. Ya ce mini zai yi kwana biyu ko uku. Daga ofis aka aika wa danginsu saƙo, amsa ta dawo cewa hanya ba ta biyuwa, sai ƙura ta lafa. Na kai yarana gidan surukata a cikin gari. Gidan ya rage daga ni sai ita.

Mata biyu daga cocinsu suka zo bayan azahar. Suka yi addu'a, suka rera waƙa ƙasa-ƙasa don kada a ji daga waje. Ɗayarsu ta kama kular za ta karɓa, ta ja, ta sake ja, hannun Madam bai ko motsa ba. Yatsun sun naɗe mariƙin kamar an haɗa su da walda. Kafin la'asar matan suka ce za su tafi, su ma a tsorace suke, mazansu sun ce kada su kai yamma a waje.

Ni kuwa ban san abin da zan ce mata ba. A gidan mutuwa na saba, bakina ya san hanyarsa: Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan. A nan sai kalmomin suka tsaya mini, ban san wanne ya dace da ita ba, wanne zai yi mata ciwo. Na ce, "Madam, Allah ya ba ki haƙuri." Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na kawo ruwa na kai bakinta, haƙoranta a datse, ruwan ya bi haɓarta ya jiƙa rigarta.

Da gari ya waye na same ta yadda na bar ta, a zaune, kular a cinya. Ƙafafunta sun kumbura. Leɓɓanta sun tsage. Numfashinta gajere, sama-sama, kamar na ɗan tsako da aka tsamo daga ruwa. Na je da kaina na kira mai kemis ɗin da ke bakin tasha. Ya zo ya tsaya daga ƙofa, ya dube ta, ya ce shi ba zai yi mata allura ba. "In wani abu ya faru fa, Hajiya? A wannan lokacin? Ki nemi mota ku tafi asibiti." Na ce ba ta tashi, ba ta lanƙwasuwa. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini kyau ba. Tsoron da ya kama ni a safiyar nan ba duka domin ta ba ne. Na yi ta tunanin in ta mutu a gidana. Miji jiya, mata yau, a gidan Musulmi, a makon da kowa ke jiran a ce ga abin da aka yi wa wane. Me danginta za su ce? Wa zai yarda cewa haka kawai ta zauna ta bushe? Sai kunya ta kama ni don na yi wannan tunani, sannan tsoron ya dawo ya danne kunyar.

Ina cikin haka, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ji sallamar Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tana aure a wani ƙauye a tsallaken iyaka, ɓangaren Nijar. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai manyan hannuwa kamar na maƙeri. Sana'arta wankan jego da tausa, duk macen da ta haihu a ƙauyukansu ita ake kira. Amma a ƙuruciyarta 'yar bori ce, sananniya. Ta tuba tun kafin a haife ni, sai dai mutane ba sa mantuwa da irin wannan. A shekarar kuwa ba a wasa da maganar bori a ɓangarenmu. An yi ta raɗe-raɗin an fasa wa masu garaya, makaɗan bori, kayansu a wani ƙauye, an ce an kai wasu mata gaban alƙali. Ban gani da idona ba, amma kowa ya ji. Saboda haka da na gan ta sai na ji daɗi da faɗuwar gaba a lokaci guda.

"Na ji wurin direbobi," in ji ta, tana ajiye ƙunshinta. "An ce baƙonku ne. Ina matar?"

Na kai ta. Ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallon Madam, daga fuska har ƙafa.

"Ta yi kuka?"

"Ko ɗigo."

"Ta yi hitsari?"

Ban ma yi tunanin wannan ba. Na ce ban gani ba.

"Ɗora ruwa. Mai ɗumi nike so, ba mai zahi ba. Ki kawo babbar roba da zane mai ƙarhi."

"Gwaggo, me za ki yi mata?" Na rage murya. "Kin san yadda garin yake."

Ta harare ni. "Kin ga na zo da makaɗi? Tahi ki ɗora ruwa."

Da na kawo ruwan, ta zauna a ƙasa gaban Madam, ta kwance ƙullin man shanu daga ƙunshinta. Ba ta kalli kular ba sam. Ta ce, "Ɗiyata, zan taɓa ƙahwarki. In ba ki so, ki janye, ba ni jin haushi." Ta jira. Madam ba ta janye ba. Gwaggo ta cire mata takalmin nan guda, ta ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ta sa a ruwa. Ta soma matsa tafin ƙafar da babban yatsa, daga dunduniya zuwa yatsu, a hankali ƙwarai, kamar mai murza ƙullu.

"Ke, hau gadon ki zauna bayanta. Ki haɗa ƙirjinki da bayanta."

Na hau. Bayan Madam kamar allo, ga sanyi, alhali ana zafi. Gwaggo ta miƙe ta zagaye mu da zanen, ta ɗaure mu tare a daidai haƙarƙari, yadda ake goyo, ba matsewa sosai ba, amma ana jin riƙon.

"To, ki ja numhwashi ta hanci. Ki sake shi da tsawo, kamar kina hura wuta ƙarƙashin tukunya. Kada ki ce mata komi. Jikinta zai ji naki."

Na gwada. Sai na tarar nawa numfashin ma bai fi na Madam tsawo ba. Gwaggo ta ɗora tafinta a gwiwata.

"Ke ma tsoro ya cika ki hal wuya. Mi za ki ba ta? Sauko da ƙahwahunki, su taka ƙasa. Ki ji ƙasar. Yawwa. Sake."

Na sauke ƙafafuna ta gefe da gefen Madam, na taka daɓen. Na ja, na saki. Na ja, na saki. Gwaggo ta koma ga matsar ƙafa, daga nan ta hau ƙwauri. Ta ce in riƙa ɗan jijjiga mu gaba da baya, kaɗan-kaɗan. Ita kuma ta soma wani gunji a maƙogwaro, ba waƙa ba, babu kalma a ciki, irin wanda ake yi wa jariri. Gunjin nan ya tayar mini da hankali. Na yi ta kallon taga, ina tunanin maƙwabta.

Mun daɗe a haka. Aka kira azahar muna nan. Bayana ya gaji, gumi ya jiƙa mu duka biyu. Har na soma cewa a raina wannan aikin banza ne, sai na ji haƙarƙarin Madam ya buɗe a jikin hannuna, ta ja wata doguwar ajiyar zuciya mai tsalle-tsalle, irin ta yaron da ya gama kuka.

"Ci gaba," in ji Gwaggo, ba ta ɗago ba.

Sai gwiwarta ta hagu ta soma rawa. Ruwan robar ya soma fantsama. Rawar ta hau cinya, ta kama ɗaya ƙafar, ta hau ciki, ta hau kafaɗu. Kafin in ankara duk jikinta karkarwa yake, haƙoranta suna haɗuwa kaf-kaf-kaf, kular tana bugun ƙarfen gado. Kanta ya bugi haɓata har na ciji harshe. Sai wata murya ta fito daga cikinta wadda ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba, kamar saniyar da aka danne. Ta yanke, ta sake fitowa da ƙarfi fiye da na farko.

Na kama ƙullin zanen zan kwance. "Gwaggo, iska ne! Gwaggo, mun shiga uku!"

"Riƙe ta! Kada ki matse, kada ki saki. Ki yi numhwashinki."

Na riƙe ta, ina karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Ihun yana fita ta taga, ya tsallake katanga, ni kuwa na san har bakin titi ana ji.

Ba a daɗe ba aka yi sallama a zaure. Muryoyin maza, fiye da ɗaya. Aka sake yi, aka buga ƙofa.

Gwaggo ta kwance zanen, ta hau ta zauna a wurina, ta rungume Madam ta baya. "Je ki ji. Ki hwaɗa masu gaskiya."

Na zura hijabi. Daga ɗakin zuwa zaure taku ashirin ne. Na buɗe ƙofar kaɗan. Samari huɗu ne daga cikin masu sa kai suna sa ido a kan al'amuran Shari'a a unguwa, tare da wani dattijon malami da ke limanci a masallacin bakin tasha. A bayansu kuwa mutane sun fara taruwa, 'yan acaɓa sun kashe babura, masu tura baro sun tsaya. Taron nan shi ya fi ba ni tsoro. Na san yadda taro yake, ba ya tambaya sau biyu, ga kuma wadda ke cikin ɗakin Kirista ce.

"Malam, ina wuni. Maigidan ba ya nan, ya bi gawa Katsina."

"Na sani," in ji shi. "An zo an ce mana ana bori a gidan nan."

"Wallahi ba bori ba ne. Matar mamacin jiya ce take kuka."

Daidai nan ihun ya sake tashi daga ciki, ya ƙaryata ni. Wani dogo cikin samarin ya matso.

"Wannan ne kuka? Mun ga tsohuwar nan ta shigo da ƙunshi. Mun san ta, mun san aikinta. A buɗe mu gani."

Na riƙe ƙofar da hannu biyu. Na ce, "Malam, mata ne a ciki, ba sutura a jikinsu."

Malamin ya dube ni. Sannan ya juya ga dogon ya ce, "Ba mu shiga gidan mutum ba ya nan. Je ka gidana ka ce uwargida ta zo."

Jiran nan ban taɓa yin irinsa ba. Ban koma ciki ba, ban rufe ƙofa ba, ina tsoron in na rufe a ce ɓoye wani abu muke. Ina jin maganganu daga taron guntu-guntu. Wani ya ce ai arniya ce. Wani ya ce a'a, matar kirki ce, tana gaishe da mutane. Wani ya ce dama gidan haya ba abin da ba a yi. Na tsaya ina kallon wata tsaga a jikin ƙyauren, ina ƙoƙarin sakin numfashi da tsawo yadda aka koya mini ɗazu, yana yankewa.

Matar malamin ta iso, babbar mace mai tafiya a hankali, wadda take koyar da matan aure karatu. Ban taɓa ganin dariyarta ba. Na yi mata jagora har ɗakin.

Madam tana ta karkarwa, amma ihun ya koma nishi. Gwaggo tana bayanta tana jijjiga ta. Robar ruwa a ƙasa, ƙullin man shanu a buɗe. Matar malamin ta tsaya ta bi ɗakin da kallo, kusurwa-kusurwa. Ta leƙa bayan ƙofa. Ta shaƙi iska, ina jin turare take nema. Ta dubi hoton aurensu a bango, da gicciyen da ke samansa, ta dubi kular.

Gwaggo ba ta tashi ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ruwan ga ya huce, ga buta can a ƙara."

Na ce a raina shi ke nan, ta gama da mu. Amma sai matar ta tambaya, "Tun yaushe take riƙe da wannan?"

"Tun jiya da hantsi," na ce. "Abincinsa ne. A gabanta motar ta taka shi."

Ta ce, "Inna lillahi." Ta naɗe hannun hijabinta, ta ɗauki butar ta tsiyaya ruwan ɗumi a robar, ta taɓa da yatsa ta ji. Ta ɗan tsaya tana kallon ƙafafun da suka kumbura. Daga nan ta fita, na bi ta. A zaure ta ce wa mijinta, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Gidan makoki ne. Ba komai sai ruwan ɗumi da man shanu. A ba su wuri."

Malamin ya ce wa mutane su watse. Ya ce mini, "Allah ya ba ta haƙuri. In ana bukatar wani abu a aiko." Suka tafi. Dogon nan ne kaɗai ya tsaya a tsallaken hanya na ɗan lokaci yana kallon gidan, kafin shi ma ya bi su.

Da na koma, karkarwar ta lafa, sai jefi-jefi take zuwa. Madam ta jingina da Gwaggo, kanta a kafaɗarta, jikinta ya yi laushi, in ban da hannun dama. Gwaggo ta ce in zauna in tallabi kular daga ƙasa don nauyinta ya bar hannun. Ta shafa mai ta soma murza damtsen, ta sauko gwiwar hannu, ta sauko tsintsiya. Ba ta ja yatsa ko ɗaya ba. Bayan hannun kawai take shafawa, tana cewa, "Kin kai masa, ɗiyata. Kin kai. Ba ki makara ba." Ƙaramin yatsa ne ya fara ɗagawa. Sai na kusa da shi. Da babban yatsa ya saki, kular ta zauna a tafina. Mariƙin ya bar mata shaida a tafin hannu, baƙi-baƙi, yatsun kuma suka tsaya a lanƙwashe kamar ƙafar kaza.

Madam ta dubi hannun nata kamar na wani. Ta ce, da muryar da ta dushe, "Zai ce na cika barkono."

Sai hawaye. Kuka na sosai, irin wanda na sani, mai majina da kiran suna. Ni ma na fashe, muka yi ta yi. Bayan nan ta ce tana jin fitsari, muka kama ta muka kai ta bayan gida. Ta sha kunun tsamiya rabin kofi, ta kwanta, barci ya ɗauke ta tun rana ba ta faɗi ba.

Na fita na zubar da faten da ya lalace, na wanke kular. Na shiga madafa zan ɗebi ruwa in sha, sai moɗar ta faɗi daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, gwiwoyina suka ƙi. Jikina ya kama rawa, irin ta Madam sak, na kasa tsayar da shi. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka abin da ke jikinta ne ya koma nawa.

Gwaggo ta same ni a durƙushe. Ta zauna kusa da ni ta ɗora tafinta mai nauyi a ƙeyata, ɗayan a tsakiyar bayana.

"Bar shi ya yi. Kada ki hana shi."

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Tsoron da kika haɗiye a zaure ne. Ba ki taɓa ganin kaza ta kuɓuce wa shaho ba? Sai ta tsaya ta girgiza, ta kakkaɓe gashinta, kana ta koma tsince. Mutum ne kaɗai ke jin kunya ya riƙe." Ta ƙara danna tafinta a bayana. "Na san iska, ɗiya. Na san shi hiye da waɗancan yaran. Wanga ba shi ba ne."

Gwaggo ta yi kwana uku tare da mu. Kowace safiya sai ta yi wa Madam tausa daga wuya har ƙafa, sannan ta sa ta zagaya tsakar gida ba takalmi. Rana ta biyu ta miƙa mata taɓarya ta ce ta taya ni daka. Madam ta yi lugude kaɗan ta ajiye, ta zauna ta yi kuka, ta tashi ta sake ɗauka. Abin da ya fi wuya shi ne odar mota, ga mu kuwa a bakin hanya. Da tirela ta yi oda sai ta sandare inda take, idanu a waje. Gwaggo ta koya mata ta je ta dafa katanga da tafuka biyu ta tura da iyakar ƙarfinta, kamar za ta kayar da ita, tana sakin numfashi, har sandarewar ta wuce. Wani lokaci yana yi, wani lokaci sai an riƙe ta.

Da maigidana ya dawo na ba shi labari duka. Ya saurara har ƙarshe. Daga baya ya ce ya gode wa Gwaggo, amma gara ta koma kafin ranar kasuwa, lokacin da gari ke cika. Na ji haushinsa, kuma a ƙasan raina na ji sauƙi, wannan ma ba zan ɓoye ba. Gwaggo ba ta yi musu ba, ta ce dama akwai mai jego tana jiran ta. Na raka ta har shinge. An riga an yi wa ƙarfen sabuwar walda, an zuba yashi a wurin, wani ma'aikaci yana tsaye a kai yana duba takarda. Na kasa wucewa ta nan. Daga nesa na tsaya har ta hau motar Maraɗi.

A rana ta shida yayan Madam da wata ƙanwar mijinta suka iso da motar ɗaukar kaya. Suka kwashe ɗakin cikin awa biyu. Za su biya Katsina su ɗauki gawar su wuce gida. Madam ta fito da ƙafarta, ta rame, yatsun hannun damanta ba su gama miƙewa ba. A zaure ta tsaya ta ce, "Hajiya, ban san me zan ce miki ba."

Na ce, "Ni ma haka, Madam. Allah ya kiyaye hanya."

Ta rungume ni, muka ɗan tsaya a haka har yayanta ya yi magana daga waje.

Ban sake ganinta ba. Bayan wata shida wani abokin aikin mijinta ya gaya wa maigidana cewa tana wurin iyayenta, ta kama koyarwa a wata firamare, amma har lokacin ba ta yarda ta tsallaka babban titi ita kaɗai. Samarin nan ba su sake zuwa gidanmu ba, ko da yake na yi watanni in na ji sallamar maza a zaure sai na leƙa kafin in amsa. Gwaggo kuwa ta shekara biyu ba ta tako ɓangarenmu ba. Da na haifi ɗana na uku, ni na tsallaka na je ta yi mini wankan jego a ɗakinta.